Takalmin da Ke Sa Ka Kuka Ba Shi Zai Kai Ka Saman Dutse Ba

Akwai wata huɗuba da ake yi wa duk sabon shiga wasan hawan dutse, kuma ta fara iso mana Kano ta bakin ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka koyo wasan a wuraren karatu da aiki. Ga abin da take cewa: idan takalmi bai yi maka ciwo ba, ya yi maka yawa, ka rage lamba biyu ko uku daga wadda ka saba sawa, ka nemi irin wanda zakaru ke sawa, sannan ka daure. Ni ma na taɓa gaskata ta. Farcen babban yatsana na dama ne ya biya kuɗin wannan imani, domin ya yi baƙi, ya fita, na yi watanni ina ɗingishi, takalmin kuwa da na kashe kusan rabin albashi a kansa yana nan cikin kwali har yau. Ina so in nuna cewa huɗubar nan kuskure ce, kuma mutumin da ya tashi a cikin ganuwar Kano ya fi kowa rashin uzuri idan ta ruɗe shi.

Wani zai ce, mene ne haɗin Bakano da hawan dutse? Haɗin ya fi yadda ake zato. Birnin nan a gindin Dala ya tsiro, kuma da wuya ka sami yaron Unguwar Dala ko Goron Dutse da bai goge gwiwa a jikin dutse ba. Wasan da kansa ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, ya sake fitowa a Paris a 2024, ana kuma ta gina katangun koyonsa a manyan biranen da muke zuwa. Sai dai a yi hattara: Dala da Goron Dutse jan marmara ne mai gutsurewa, kuma wuraren tarihi ne, ba fagen gwada ƙarfi ba. Dutse mai tauri da ya dace da wasan yana can wajen Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, da garin Dutse, da tsaunukan Shere a Jos. Wanda zai je waɗannan wurare daga Kano, da dala yake sayen takalminsa, ta intanet, ba tare da ya gwada ba, kuma mayar da shi ya fi sayensa wahala. Wannan shi ne sayen kifi a ruwa.

Inda ƙaryar take tonuwa shi ne wata dabara da zan kira ƙugiyar dunduniya. Mai hawa yakan ɗaga ƙafarsa ya saƙala dunduniya a kan wani ƙullutu ko gefen dutse, wani lokaci daidai ƙugunsa, wani lokaci sama da kansa, sannan ya jawo jikinsa da ita kamar yana da hannu na uku. A sauran motsin hawa ana taka dutse ne, nauyi yana tura ƙafa cikin takalmi. A wannan dabara kuwa ana ja ne, kuma ƙarfin yana ƙoƙarin zare takalmin daga ƙafa. Saboda haka tambayar da ta dace game da takalmi a nan ita ce ko kwarmin dunduniyarsa ya yi daidai da siffar dunduniyarka, babu iska a ƙasa, babu fili a gefe. Tsawon takalmin bai amsa wannan tambaya ba.

A nan masu huɗubar ciwo suke yin ɓatan kai. Dunduniyar mutane ta bambanta: akwai mai faɗi, akwai siririya, akwai mai tudu a baya, akwai shafaffiya. Kowane kamfani kuma yana ɗinka takalmansa a kan ƙafar katako ko ta roba mai siffa tata daban, har a cikin kamfani ɗaya ma siffofin sukan saɓa. Idan kwarmin takalmi ya fi dunduniyarka zurfi ko faɗi, rage lamba ba zai sauya siffarsa ba. Abin da zai faru shi ne yatsunka za su ƙara naɗewa, ɗamarar robar da ke zagaye bayan takalmin za ta ƙara datse maka agara, amma iskar da ke ƙarƙashin dunduniya tana nan inda take. Ka saƙala, ka ja, kwarmin ya lotse, ƙafa ta sulluɓe. Ka sayi azaba, ba ka sami riƙo ba. Maganin takalmin da siffarsa ba taka ba ce shi ne wani takalmin, ba ƙaramarsa ba.

Huɗubar tana da asali, kuma adalci ne a faɗe shi. Takalmin hawa na zamani ya samo tushe ne daga Pierre Allain, Bafaranshen da ke hawan duwatsun dajin Fontainebleau a shekarun 1930 da 1940. A farkon shekarun 1980 kamfanin Boreal na ƙasar Sifaniya ya fito da takalmin Firé mai roba mai danƙo, wanda ya sauya wasan baki ɗaya. Takalman wancan zamani da yawa na fata ne, siffarsu kuma miƙaƙƙiya, don haka hanyar samun ƙarfi a kan yatsa ita ce a sayi ƙarami a jira fata ta saki. Shawarar ta dace da kayan wancan lokaci. Yau kuwa ana ƙera takalmin da lanƙwasarsa tun daga masana'anta, kuma da yawa an yi su da yadin roba wanda kusan ba ya miƙewa. Wanda ya ɗauki dokar fata ya ɗora wa yadin roba, zai jira sakin da ba zai zo ba.

Wannan ilimi ne da bai kamata a koya wa Bakano ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma aka kafa Kasuwar Kurmi a lokacinsa, fata na cikin abin da birnin nan ke tinƙaho da shi. Jar fatar akuya da majemanmu ke jemewa da bagaruwa ta ƙetare Sahara, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin muhimman hajojin da birnin ke fitarwa. Je ka Ƙofar Wambai yau ka tsaya gaban kowane baduku. Zai gaya maka cewa fata marar shafi tana saki ta bi ƙafa, mai shafi tana saki kaɗan, roba kuwa yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita. Zai dubi ƙafarka kafin ya dubi lamba. Abin kunya ne jikan wannan sana'a ya zauna gaban kwamfuta yana zaɓar wa ƙafarsa gida bisa hoton ƙafar wani zakara a Turai.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: takalmin fata marar shafi yana iya miƙewa har kusan lamba guda, don haka ana sayensa da ɗan matsi. Na yadin roba kuwa, yadda ya zauna a ranar farko kusan haka zai zauna, don haka dole ya yi daidai tun a ranar. Lambobin kamfanoni ma ba su jitu ba. 42 a wannan yana iya zama 43 a wancan. Lamba jagora ce kawai zuwa ga kwalin da za ka fara buɗewa.

Masu kare matsi suna da hujja ɗaya mai nauyi: takalmi mai yawa haɗari ne, domin ƙafa tana juyawa a cikinsa, kuma manyan zakaru hakika suna sa ƙanana. Na yarda da rabin farko gaba ɗaya. Takalmin hawa ba silifas ba ne. Yatsu su taɓa gaba, su ɗan lanƙwashe, kada a bar fili ko kaɗan. Amma tsakanin matsi da ciwo akwai tazara, kuma a cikinta gwaninta take. Ƙafar da ke ciwo ba ta yarda ta ɗauki nauyi, mai ita sai ya koma dogaro da hannu, ya gaji da wuri, ya kasa koyon taku. Game da zakaru kuma, sukan sa takalmin na 'yan mintuna su cire, suna da iri-iri don duwatsu iri-iri, kuma da yawansu kamfani ke ba su. Kai da za ka sayi guda ɗaya da guminka, ka wuni da shi a Kufena, lissafinka daban ne. Kayan aro ba ya rufe katara. A Fontainebleau ɗin nan ma akwai Charles Albert, wanda ya yi suna da hawan duwatsu masu tsananin wuya ba takalmi ko kaɗan, abin da ke tuna mana cewa gwanintar a ƙafa take.

Akwai kuma abin da takalmi ba zai yi maka ba komai tsadarsa. Ƙugiyar dunduniya tana ɗora nauyi mai yawa a kan naman bayan cinya da jijiyoyin gefen gwiwa na waje, musamman idan gwiwa ta buɗe waje ana ja da ƙarfi. Likitocin wasanni sun san raunukan da take haifarwa. Takalmi mai kyakkyawan riƙo yana ba ka damar ja fiye da yadda jikinka ya shirya, na banza kuma yana sulluɓewa farat ɗaya ƙafa na cikin ja. Duka biyun suna iya ƙarewa a gadon asibiti. Dabarar tana buƙatar a ɗumama jiki, a ƙarfafa bayan cinya sannu a hankali, a kuma miƙe yatsu gaba yayin ja domin dunduniya ta zauna. Mu da hunturu ke yi wa faso da kaushi, kula da fatar dunduniya ma yana cikin shiri.

Sai batun kuɗi, inda huɗubar ke da ƙanwa mai cewa mafi tsada shi ne mafi kyau. Tsadar manyan takalma tana zuwa ne da roba mai laushi da siffa mai tsananin lanƙwasa, waɗanda aka yi don katanga mai rinjayowa kan mai hawa. Kamfanin Vibram na Italiya, wanda Vitale Bramani ya kafa a 1937, yana yin roba mai tauri kamar XS Edge da mai laushi kamar XS Grip 2, kuma kowace da wurinta. Mai laushi ta fi kama dutse, ta fi saurin cinyewa, kuma kaurin tafin takalman nan bai cika wuce milimita 3 zuwa 5 ba. Sabon shiga, wanda ke jan yatsa a jikin dutse, zai huda irin wannan cikin ɗan lokaci. Ƙara da zafinmu: a watan Afrilu Kano takan wuce digiri 40, roba tana ƙara laushi, gam ɗin da ya riƙe tafin kuma zafi ne ke sakinsa, shi ya sa barin takalmi cikin mota a rana yake ɓamɓare shi. A ƙasa irin tamu, roba mai matsakaicin tauri da siffa mai matsakaiciyar lanƙwasa sun fi riba. Gaskiya ne araha ba ta ado, amma tsadar da ba taka ba ce ma asara ce.

Darajar takalmi ta gaskiya tana ga yawan kwanakin da ka hau da shi, kuma abin da ke ninka kwanakin shi ne sauya tafi. A Turai da Amurka akwai masu sana'ar da ke cire robar gaba da ta cinye su manna sabuwa, a kan kuɗin da bai kai na sabon takalmi ba, kuma takalmin da aka kai da wuri, kafin ya huje, yana jure wannan fiye da sau ɗaya. Ba zan yi fariyar cewa dukawanmu za su ɗinka takalmin hawa gobe ba, domin sirrinsa yana cikin roba da yadda ake ɗaure ta, kuma ba mu yin wannan roba. Amma sauya tafi aiki ne na wuƙa da gam da ƙafar katako da haƙuri, kuma duk waɗannan suna nan a Ƙofar Wambai. Abin da ya rage shi ne faifan roba, wanda ake sayarwa a fili, da wanda zai kai musu takalmi ya zauna su koya tare. Birnin da ya daɗe yana fitar da fata a jeme, ana mayar masa da ita a ɗinke da ninkin kuɗi, bai kamata ya bar ko wannan ƙaramar sana'a ta wuce shi ba.

Don haka, mai karatu, idan za ka saya, ka jira tafiyar da za ta kai ka shago, ko ka ari na abokai ka gwada iri-iri kafin ka tura kuɗi. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ba safa idan haka za ka hau. Ka sa duka biyun, domin ƙafafunka ba daidai suke ba. Ka matsa gefen dunduniya da yatsa. Idan ya lotse ko ka ji iska na fita, ajiye shi. Ka saƙala dunduniya a gefen benci ko matakala ka ja da ƙarfi. Idan ta motsa a ciki, ajiye shi. Ka tsaya a kan yatsu. Idan bayan takalmin ya soki agara, ajiye shi. Ka bar shi a ƙafa minti goma. Idan a ƙarshensu matsi kake ji ba raɗaɗi ba, kuma dunduniya ta zauna daram, ka sami naka, ko da sunansa ba ya cikin bakin kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan ciniki ƙafarka ce mai ɗakin.