Delhi zuwa Tashkent: yadda rikicin Indiya da Pakistan ya tsawaita tafiyar awa 3

A taswira, tsakanin Delhi babban birnin Indiya da Tashkent na Uzbekistan bai wuce kilomita 1,600 ba. Kaɗan ya ɗara tafiyar mota daga Yamai zuwa Diffa, kuma jirgin sama kan cinye shi cikin kimanin awa 3. To amma miƙaƙƙiyar hanyar ta saman Pakistan ta bi, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ranar 22 ga Afrilun 2025, 'yan bindiga suka kashe mutane 26 a Pahalgam, yankin Kashmir da ke hannun Indiya. Hukumomin Delhi suka ɗora alhakin a kan Pakistan, ita kuma ta musanta. Kwana biyu bayan haka Pakistan ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Indiya, Indiya ma ta rama a ƙarshen watan. An tsagaita wuta ranar 10 ga Mayu, amma ƙasashen biyu suka ci gaba da sabunta haramcin wata bayan wata.

Daga nan ya zama jirgin Indiya mai zuwa Tashkent, wanda ke arewa, sai ya fara nausawa kudu ta jihar Gujarat, ya ratsa tekun Arabiya, ya shiga Iran, kana ya juyo arewa. Nisan ya ninka har ya haura. Ta ɗaya gefen kuwa tsaunukan Himalaya ne da sararin samaniyar Sin. Shi ya sa kamfanin IndiGo ya dakatar da zuwa Tashkent da Almaty a ƙarshen Afrilun, yana mai cewa ƙananan jiragensa ba za su iya ɗaukar wannan zagaye ba.

Haramcin bai shafi kamfanonin wasu ƙasashe ba. Jirgin Uzbekistan Airways na bin tsohuwar hanya, ya sha mai kaɗan, ya sauka da wuri. Birane biyu, nisa ɗaya, amma tsawon tafiyar ya danganta da tutar da ke jikin jirgi. Kamfanin Air India ya ƙiyasta cewa rufewar za ta ja masa asarar kusan dala miliyon 600 a shekara. Irin wannan asara kuwa a kuɗin tikiti take ƙarewa, wato a aljihun fasinjoji, ciki har da dubban ɗaliban Indiya masu karatun likita a Uzbekistan da Kazakhstan. Pakistan ita ma ba ta tsira ba, domin ta rasa kuɗin da jiragen Indiya ke biyan ta na ratsa samanta.

'Yan Nijar sun san wannan labari. Ranar 6 ga Agustan 2023, lokacin da CEDEAO ke barazanar amfani da ƙarfi, majalisar CNSP ta rufe sararin ƙasar har zuwa 4 ga Satumba, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka koma yin dogon zagaye.

Don haka ɗan kasuwar Maraɗi ko ɗalibin Damagaram da ke shirin bulaguro a Asiya, kada ya tsaya ga kilomitar da wayarsa ta nuna masa. Kafin ya biya kuɗin tikiti, ya bincika jirgin na wace ƙasa ne, kuma da wa ƙasar take rikici.