ƘWAYA BIYU KO ƘWAYA HUƊU? A ZAUNA A YI LISSAFI TUKUNA

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, da wuya zangon karatu ya wuce ba tare da wani uba ya zo ofishin malamai yana tambayar irin kwamfutar da ya kamata ya saya wa ɗansa ba. Mu malamai mun san abin da yaron ya faɗa a gida, wato yana son na'urar koyon jarrabawa. Mun kuma san abin da bai faɗa ba, domin muna jin hirar 'yan aji biyar da aji shida a gindin darbejiya. Hirar ta wasan ƙwallon kwamfuta ce, gardamar kuwa kullum ɗaya ce: wace ta fi, mai ƙwaya biyu ko mai ƙwaya huɗu?

Ba mu ɗauki alƙalami don mu tsine wa wasa ba. Amma a nan Kunci kuɗin kwamfuta daga buhunan gyaɗa da wake yake fitowa, wani lokaci ma sai an kai ragon gida kasuwa. Abin da aka samu da gumin damina guda bai kamata a kashe shi bisa jita-jitar gindin bishiya ba.

Bari mu fara da ma'anar kalmomin. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar da ke yin dukan lissafi. Ku ɗauke shi kamar kwanson gyaɗa. A dā ƙwaya ɗaya ce a ciki, kamfanoni kuma suna ta ƙara mata sauri, har zafi da cin wuta suka tsai da su. A 2004 kamfanin Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai saurin gigahaz 4. Sai aka sake dabara, aka sa ƙwaya biyu cikin kwanso ɗaya. A 2005 Intel ya fito da Pentium D, kamfanin AMD kuma ya fito da Athlon 64 X2. Ba a daɗe ba masu ƙwaya huɗu suka biyo baya. Kowace ƙwaya ma'aikaci ce mai zaman kanta.

To, ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji ɗalibanmu. Gaskiya ne, amma sai in aikin yana rabuwa. In an kira gayya a gonar gero, mutum huɗu za su ɗauki kunya huɗu su gama kafin rana ta take. Amma ku kai mutanen nan huɗu haƙar rijiya. Mutum ɗaya ne ke shiga ƙasa, in ya yi rauni kuwa, yawan waɗanda ke tsaye a baki ba zai sa a kai ga ruwa da wuri ba. Wani masani a Amurka mai suna Gene Amdahl ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1967. Ga misalinta don 'yan ajin Lissafi: aikin awa 8 ne, amma awa 4 daga ciki ba ya rabuwa. Mutum biyu za su gama a awa 6, mutum huɗu a awa 5, mutum ɗari kuwa ba za su taɓa sauka ƙasa da awa 4 ba.

Wannan ne ya sa gardamar ta yi zafi a duniya wajen 2008. A lokacin akwai Core 2 Quad Q6600 mai ƙwaya huɗu da saurin gigahaz 2.4, akwai kuma Core 2 Duo E8400 mai ƙwaya biyu da saurin gigahaz 3, farashinsu kuma bai yi nisa da juna ba. Yawancin wasannin wancan zamani irin aikin rijiya ne, ƙwaya ɗaya ko biyu kaɗai suke sa wa aiki. Saboda haka sau da yawa mai biyun takan tsere wa mai huɗun, tana kuma cin wat 65 inda ɗayar ke cin wat 95 ko fiye.

Amma zamani riga ne. A 2013 aka fito da PlayStation 4 da Xbox One, kowace da ƙwaya 8 a cikinta, masu ƙirƙirar wasanni kuma suka koyi raba aiki kamar gayya: wannan ƙwaya ta kula da motsin 'yan wasa, waccan da sauti, wata da dokokin wasan. Don haka ra'ayinmu a fili yake. Wanda zai sayi kwamfuta yau domin manyan wasannin zamani, ƙwaya huɗu ita ce mafi ƙanƙantar abin da zai nema. Wanda kuwa bukatarsa koyon buga rubutu ce, da tambayoyin JAMB na shekarun baya, da karanta littattafai, ƙwaya biyu ta ishe shi har da saura.

Sai dai akwai rami a kan hanyar nan, mun kuma ga wanda ya faɗa. Wani tsohon ɗalibinmu ya tafi birnin Kano da kuɗin mahaifinsa, aka ajiye masa kwamfutocin cinya biyu na hannu, ɗaya da tambarin Core i7, ɗaya da Core i5. Ya ce ai bakwai ta fi biyar, ya ƙara kuɗi ya ɗauki i7. Da ya kawo muka duba, sai ga i7-7500U, ƙwaya biyu ce kacal. Wadda ya baro kuwa i5-8250U ce, mai ƙwaya huɗu. Dalili shi ne, a ƙananan kwamfutocin cinya masu harafin U a ƙarshen lamba, har zuwa zubi na 7 ƙwaya biyu ake sa wa i5 da i7 duka. Sai a zubi na 8, a 2017, aka mai da su huɗu. A irin waɗannan lambobi, adadin farko bayan ɗan layin nan shi ke nuna zubin.

Gani ya kori ji. Kafin a biya kuɗi, a kunna na'urar, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance, a duba adadin da ke gaban kalmar Cores. Layin da ke ƙarƙashinsa yakan nuna ninki biyu, amma wannan ba adadin ƙwayoyi ba ne. Zubin yana da wani muhimmanci kuma. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa galibi daga zubi na 8 take karɓar furosesan Intel. Tsohuwar na'ura mai araha tana iya zama tsada a ƙarshe.

Kada kuma a ɗora wa furosesa dukan kaya. A wajen wasa, katin hoto, wato sashen da ke zana abin da ido ke gani, sau da yawa ya fi yawan ƙwayoyi tasiri. Ƙwaya huɗu da raunannen katin hoto kamar shanun huɗa ne ƙosassu da karyayyar garma. Haka nan ma'ajiyar aiki da ake kira ram, gara gigabayit 8 da 4. Sannan ga batun wuta, wanda ba sai mun yi wa mutumin Kunci dogon bayani ba. Furosesan nan masu harafin U wat 15 aka tsara musu, ƙaramar sola za ta riƙe su. Babbar kwamfutar wasa ta tebur kuwa takan ci ɗaruruwan wat, mai ita zai zama abokin cinikin mai sai da fetur na har kullum.

Ya ku ɗalibai, ga inda maganar ta fi nauyi. In wasa kuke so, ku ce wasa kuke so. Kada ku sa mahaifinku ya sai da abincin gida da sunan jarrabawa, alhali bambancin kuɗin na nishaɗinku ne. Ƙarya ce ko da an lulluɓe ta da sunan JAMB, ɗan makarantar mishan kuma ya san matsayin ƙarya. Ku faɗi gaskiya, in iyaye suna da hali suka yarda, madalla. In babu, ku karɓi mai ƙwaya biyu da godiya, ku ci jarrabawa da ita, wata rana ku sayi mai takwas da guminku.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa cikin ikilisiya, kada kunya ta hana ku tambaya. Ku zo da lambar furosesan a rubuce, malamai za su duba muku kafin kuɗi ya bar aljihu. Ubangijinmu ya koya mana a Luka sura 14 cewa mai niyyar gini yakan fara zama ya lissafta abin da zai ci masa. Mu ma mu zauna mu tambayi kanmu abu uku: wane aiki za ta yi, wace wuta za ta ci, nawa ne kuma zai rage a rumbu bayan an saya.

Allah ya ba mu hikima da gamsuwa, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Amin.