Kimiyya A Sauƙaƙe: Me Ya Kashe Kaifin Nivaquine?

 

Damina ta kankama, kuma duk wanda ya zauna a Cholire ko ƙauyukan Mayo-Rey ya san baƙon da take zuwa da shi, wato zazzaɓin cizon sauro. Dattawa kan tambaya: ina Nivaquine ɗin nan da a da ake sha a miƙe? Me ya same shi? Amsar tana cikin wani ɗan ƙaramin abu da ido ba ya gani sai da madubin likita.

Jikin mutum, da na saniya, da itacen auduga, duk an gina su ne da ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya kamar gida take mai ɗakuna, kowane ɗaki da aikinsa. Akwai cibiya, turakar maigida ke nan, inda aka adana sinadarin gado mai ba da umarni. Akwai maitokwandiriya, murhun gidan, inda ake ƙona abinci da iskar da muka shaƙa a sami ƙarfi. Akwai raibozom, masu ƙera furotin bisa umarnin cibiya. Akwai kuma laisozom, 'yar jaka mai ruwan tsami wadda ke narkar da shara.

To, ƙwayar cutar zazzaɓi, wadda wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya fara gani a cikin jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, ita ma irin wannan gida ce, da cibiyarta da ɗakunanta. Idan sauro ya zuba ta a jiki, takan fara yada zango a hanta, sannan ta kutsa cikin jajayen ƙwayoyin jini. Su kuwa waɗannan ba su da cibiya ko murhu, maƙare suke da himogulobin, abin da ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Shi ne abincinta.

A nan gizo ke saƙar. Ƙwayar cutar tana da wata jaka mai tsami, dangin laisozom, wadda za mu iya kira tumbinta. A ciki take narkar da himogulobin. Amma narkarwar tana barin wani dafi mai ƙarfe a ciki, wanda zai iya halaka ta. Saboda haka sai ta dunƙule dafin ya zama ɗan baƙin tsakuwa marar illa. Aikin kulorokwin, wato Nivaquine, shi ne ya taru a cikin tumbin ya hana wannan dunƙulewa, har dafin ya kashe ta.

Sai aka sami wasu ƙwayoyin cutar da wata ƙofa a bangon tumbinsu ta canza, tana fitar da maganin waje kafin ya yi aiki. Masana sun gano wannan ƙofa a shekarar 2000. Da yake magani yana kashe sauran ya bar masu taurin kai, sai su suka yi ta hayayyafa. A Afirka, an fara ganin irinsu a gabashin nahiyar a 1978, suka bazu har ƙasarmu. A 2002 Kamaru ta daina amfani da kulorokwin wajen maganin zazzaɓi, daga baya aka koma ga haɗin magunguna masu atimisinin.

Ga inda maganar ta shafe mu. Tun 2016 ake bi gida-gida da damina a yankin Arewa da na Arewa Mai Nisa ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi. Ɗaya daga cikin magungunan, amodiyakwin, ɗan'uwan kulorokwin ne, kuma a wannan tumbin yake aiki. Kwana uku ake shan sa kowane wata. Uwar da ta ba da na ranar farko ta ajiye sauran a ƙarƙashin katifa, ko maigidan da ya sayi rabin magani a hannun mai talla a tashar Garwa, suna ba masu taurin kai damar tsira ne.

Don haka idan jiki ya yi zafi, a je asibiti a gwada jini. Idan an ba da magani, a shanye shi duka ko da an ji sauƙi. A kuma kwana cikin gidan sauro. Mun riga mun yi asarar Nivaquine, kada mu ƙara da wanda ke hannunmu.