Baƙon da Ya Nemi Ƙuri'a da Tambayar "Ɗan Ina Ne?"

A Kiru ko Bebeji, a Tudun Wada ko Doguwa, da zarar an manna fastar ɗan takarar da ba a nan aka binne cibiyarsa ba, tambayar da ke fara zagaya majalisu da teburin mai shayi ita ce: "Ɗan ina ne?" In kuwa malamin jami'a ne mai shugabantar ƙungiyar 'yan ƙabilarsa, laifin ya zama biyu, ga baƙunta ga boko. Ina ganin tambayar ba ta da hurumi a rumfar zaɓe, kuma mu Hausawa ne ya fi kamata mu guje ta, domin mu ta fi cuta.

Doka dai ba ta san ta ba. Sashe na 65 na tsarin mulkin 1999 ya nemi mai takarar Majalisar Tarayya ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekarun da aka ƙayyade, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, kuma jam'iyya ta tsayar da shi. Babu zancen takardar shaidar asali. Tarihin yankin ma bai goyi bayanta ba. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa, fataken da kakanninsu suka gangaro daga arewa suka zauna har suka zama 'yan gari, shi kuma ya bi hanyar goro zuwa ƙasar da ake kira Ghana a yau. Kuzar Riruwai ta jawo ma'aikata daga nesa, ruwan Tiga ya jawo manoman rani da masunta. Wanda ya ce zai tace jinin mutanen wannan yanki ya ɗauko aikin da ba ya ƙarewa.

Mun kuma ɗanɗana zafin abin a waje. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden zuwa Najeriya, bayan sun tsaya a ɓangaren adawa. A 1980 aka kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka tsallakar da shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. A duka biyun ba a tuna da asalin mutum ba sai da ya zama barazana a siyasa.

Akwai masu cewa shugaban wata al'umma in ya hau kujera, mutanensa kawai zai yi wa aiki. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma bai kamata a yi masa kallon ƙabilanci tsagwaronsa ba, domin mun sha ganin ɗan gari ma ya tattara rijiyoyi da guraben aiki ya kai ƙauyensu. Amma lissafin ƙuri'a da kansa yana maganin abin. Dubi Karamba Diaby, haifaffen Senegal, wanda ya je Jamus ta Gabas karatu, ya karanci kimiyyar sinadarai har ya yi digirin digirgir, ya shugabanci majalisar da ke wakiltar baƙi a ƙasar, sannan ya shiga majalisar dokokin Jamus a 2013 daga birnin Halle. Bincikensa a kan ƙasar lambunan mutanen birnin ne: lambu-lambu ya bi yana ɗibar ƙasa yana auna gubar da ke cikinta, a nan ya san masu lambun suka san shi. Baƙaƙen fatar Halle ba su isa su ba shi kujera ba, Jamusawa ne suka ba shi, har ya ci mazaɓar kai tsaye a 2021, fiye da shekara guda bayan an harbi tagar ofishinsa. Baƙon da ya tsaya a inuwar ƙungiyarsa faɗuwa zai yi tun kafin a kai ga zargi. Boko kuwa ba sabon abu ba ne a nan, tunda Kiru da Bebeji sun tura Dakta Abdulmumin Jibrin Kofa majalisa a 2011.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ramuwa: a Jos ta Arewa an zubar da jini a 1994 da 2008 a kan wa zai riƙe ƙaramar hukuma, to don me za mu buɗe ƙofar da aka rufe mana? Sai dai duk ranar da muka hana wani takara saboda asali, mun sa hannu ne a kan hujjar da ake kafa wa 'yan'uwanmu a Jos da Agege da Sabo ta Ibadan. Kuma ƙofar ba kullum take a rufe ba: Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'un Inyamurai.

Abin da ya dace a titsiye irin wannan ɗan takara da shi a fili yake. Shekara nawa ya yi yana zaune a cikinmu, a ina 'ya'yansa ke karatu, me ya sani game da tsaron dajin Falgore da rigimar manomi da makiyayi da farashin taki a Kwanar Dangora? Ya kuma faɗa a bainar jama'a ko zai sauka daga shugabancin ƙungiyarsa ranar da aka rantsar da shi. In ya kasa amsawa a kayar da shi, kamar yadda ya kamata a kayar da ɗan garin da ya kasa.