Ƙanƙarar Littattafanmu Da Ƙanƙarar Tsaunukan Alps

 Yau magana ce tsakanina da 'yan uwana marubuta, ku kuma masu karatu ku zama shaida.

Duk mai bin littattafanmu ya san wannan fitowar. An ɗaura aure, ango ya kwashi amarya sun tafi Turai cin amarci, sai ga su a kan tsauni, ko'ina fari fat, ita tana dunƙula ƙanƙara tana jifansa, shi yana bin ta suna dariya. In marubuci ya so ya ƙara wa miya gishiri, sai ya ce hunturu ya wuce, ƙanƙara ta fara narkewa, don haka masoyan suka kama hanyar tsauni a ƙafa suna hira. To a nan ne nake da ja, domin kuwa lokacin da muke zaɓa a matsayin lokacin daɗi yana cikin mafi yaudara a kan tsauni.

Ga yadda abin yake. Daga watan Maris zuwa Mayu, rana takan yi ƙarfi a tsaunukan Alps, saman dusar ƙanƙara ya narke ya zama ruwa. Da dare ya yi sai sanyi ya dawo, ruwan nan ya sake daskarewa ya zama kamar gilashi a kan hanya, santsin da ya fi na kuɓewa. Wanda ya fito da asuba santsi ne zai kayar da shi, wanda kuma ya jira rana ta take, dusar ta yi laushi, kowane taku ƙafarsa za ta nutse har gwiwa, wani lokaci har ƙugu. Mafi muni shi ne abin da ido ba ya gani. Rafi yana gudu a ƙarƙashin dusar, yana cin ta daga ciki, sama kuwa shimfiɗe take lafiya lau kamar tabarma, sai mutum ya taka ta rufta da shi. Sannan ga dusar da ta jiƙe ta yi nauyi, wadda kan zaftaro daga gangare gaba ɗaya da rana tsaka. Kuma kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, shi ya sa za ka bar gari furanni sun fito, ka tarar da hunturu zaune daram a sama.

Turawan da ke hawa don nishaɗi sun san duk wannan. Sukan ɗaura wasu ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi, su riƙe sanda, su duba rahoton yanayi, su fita tun duhu domin su sauko kafin rana ta lalata dusar. Babban makaminsu kuwa, a ganina, shi ne in hanya ta ƙi, sai su juya su koma masauki su sha shayi. Babu wanda ya aike su.

Amma akwai wasu matafiyan a kan hanyar nan, kuma saboda su na ɗauki biro. Tsakanin ƙauyen Claviere na Italiya da garin Briançon na Faransa akwai mashigar Montgenèvre, mai tsayin sama da mita 1,800, wurin da masu hali ke zuwa wasan zamiya. Bayan Faransa ta dawo da binciken kan iyaka a 2015, aka tsaurara ta bakin teku, sai baƙin haure suka karkato nan, musamman daga 2017. Da yawansu yaran Afirka ta Yamma ne, irin waɗanda suka bi ta Agadas suka keta sahara zuwa Libiya, suka tsallake teku a kwale-kwalen roba. Su da dare suke hawa don kada a gan su, wato daidai lokacin da hanya ta koma gilashi, da takalmin kambas da wandon jins wanda in ya jiƙe ba ya bushewa. Kuma dole su kauce wa hanyar da aka share, su shiga daji, inda rafukan nan suke ɓoye.

A watan Mayun 2018, wata budurwa 'yar Najeriya ta tsallake mashigar lafiya, ta sauko har kusa da Briançon. Waɗanda suke tare da ita sun ce gudun jami'an tsaro suke yi da asuba lokacin da ta ɓace. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarta a kogin Durance, wanda a wannan lokaci na shekara yake cike maƙil da ruwan ƙanƙarar da ta narke, ga sanyi ga ƙarfi. A cikin watan nan dai aka ga gawar wani saurayi ɗan Afirka a ɓangaren Italiya, wajen Bardonecchia, bayan dusar da ta rufe shi ta janye. Mutanen yankin, Allah Ya saka musu, akwai waɗanda ke fita da dare da barguna da ruwan zafi suna neman waɗanda suka ɓata, sun kuma buɗe masauki a Briançon tun 2017. Sai dai ba kowa suke riska da rai ba.

Na san abin da wasu za su ce: malam, littafin soyayya muke rubutawa, mai saye hutu yake nema, ba wa'azi ba. Na yarda, ni ma da soyayyar nake cin abinci. Amma ai mu ne muka rubuta kishiya da auren dole da cin amanar maraya, kuma masu karatu suka saya, har suka yi ta muhawara a kai. Me ya sa in an zo kan Turai sai biro ya yi laushi? Yaron da ke karanta mu a shagon haya bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina da ta cikin firji. Hoton da muka zana masa shi ne hoton da yake da shi. Ban ce littafi ne ke tura kowa Libiya ba, talauci da rashin aikin yi sun ishe su dalili, sai dai bai kamata mu riƙa shafa wa ramin fenti ba.

Kuma ko ta fuskar sana'a, asara muke yi. Saurayin da ya yi wa budurwa alkawari a Fagge, ya sayar da babur ya tafi, yanzu yana tsaye ƙarfe ukun dare a bakin wata farar shimfiɗa, yana jin ƙarar ruwa a ƙarƙashinta, fitilar jami'ai na haskowa daga baya, wayarsa saura kaɗan ta mutu, yatsun ƙafarsa sun daina jin komai. Zai taka ko zai koma? Wannan babi ɗaya ya fi mini jifan ƙanƙarar amarya goma, kuma duk wanda ya riga ni rubuta shi, ni ne farkon mai saye.