TIREN TALLA YA SAUKA DAGA KAN YAYA, YA HAU KAN ƘANWA



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyaye da ɗalibai masu karanta wannan mujalla tamu mai albarka, ina so in ja hankalinmu a kan wani al'amari da ya shigo gidajenmu da fuskar alheri, kuma alherin ne, sai dai yana da wani gefe da ba mu cika dubawa ba. Wannan al'amari shi ne kuɗin tallafi da ake ba gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

A zangon karatun da ya wuce, ina kiran suna a aji uku, sai na lura wata yarinya 'yar kimanin shekara tara, wadda a da ko ruwa ake yi ba ta fashi, ta yi mako biyu cur ba ta zo ba. Na aika gidansu, mahaifinta ya zo da kansa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Allah gafarta Malam, yayarta ce aka sa sunanta a cikin masu karɓar tallafin karatu, kuma an ce in tana fashi za a cire ta. To awarar da uwarsu take soyawa, wa zai kai ta bakin titi?" Wallahi a take ban sami abin ce masa ba, domin ba ƙarya ya faɗa ba. Yaya ta koma aji, ƙanwa ta ɗauki tire. Aikin gidan bai ragu ko kaɗan ba, kai kawai ya sauya.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, ban ce a ƙi karɓar tallafi ba. Daga 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta riƙa ba wasu gidajen talakawa Naira 5,000 a wata. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na karatun 'yan mata, Kano na cikin jihohi bakwai na farko, kuma cikin abin da shirin ya ƙunsa akwai ba da kuɗi domin 'yan matan gidajen marasa ƙarfi su ci gaba da sakandare. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, gwamnatin Bola Tinubu ta sanar da Naira 25,000 a wata, har wata uku. Duk wanda irin wannan kuɗi ya taɓa shiga hannunsa ya san ya toshe wata ɓaraka: an auno hatsi, an ɗinka yunifom, an sayi magani.

Amma mu yi lissafi irin na kasuwa. Naira 5,000 a wata, in ka raba ta kwana talatin, ba ta kai Naira 170 a rana ba. Mu ɗauka yarinya tana kawo wa uwarta ribar Naira 500 a yini daga tallan gyaɗa ko dafaffiyar masara. Kun ga ranar da ta ajiye tire, gidan ya yi asarar abin da ya fi wanda ya karɓa. Uwa tana cikin gida ba ta fita, uba yana gona. To wa ya rage? Sai ƙanwa ko ƙane, wanda sunansa ba ya cikin takarda, babu kuma mai zuwa duba ko ya je makaranta.

Wannan ba a Badafi kaɗai yake faruwa ba. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, can Kudancin Amurka, hukuma ta fara wani shiri a 2005 na biyan ɗalibai kuɗi in suna zuwa makaranta. Da yake masu nema sun fi gurbi yawa, sai aka yi ƙuri'a, ta yadda a gida ɗaya wani ya samu, ɗan'uwansa bai samu ba. Da masu bincike suka bi sawu, sai suka tarar wanda ya samu ya ƙara ƙwazon zuwa makaranta, amma ɗan'uwansa da bai samu ba zuwansa ya ragu, musamman in mace ce. Dalili a fili yake: iyaye sun tattara ƙarfinsu a kan wanda karatunsa ke kawo kuɗi.

Akwai kuma hanya ta biyu da aikin ke ƙaruwa, ko da gidan aka ba kuɗin ba yaro ɗaya ba. A ƙasashen Malawi da Zambiya an ga gidajen da suka karɓi tallafi sun sayi dabbobi, sun faɗaɗa gonaki, wanda abu ne mai kyau, zuwan yara makaranta ma ya ƙaru. Sai dai aikin da yaran ke yi a gona da kiwo shi ma ya ƙaru. Ai mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. In magidanci ya ƙara kadada ta masara, ko ya kama filin noman rani a yankin dam ɗin Tiga, ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, wa zai yi noma da ban ruwa? In uwa ta sayi awaki uku, wa zai yi yankan ciyawa? In jarin ƙuli-ƙuli ya ninka, tire ɗaya ba zai isa a ranar kasuwar Kwanar Dangora ba, sai biyu.

Na san wani zai ce, "Malam, to so kake yara su tashi sangartattu?" A'a. Koya wa yaro aiki tarbiyya ce, kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabawa sun yi kiwon tumaki. Mu kanmu da fartanya muka tashi. Aikin da nake magana a kansa shi ne wanda ya cinye lokacin karatu, ko ya fi ƙarfin jikin yaro, ko ya kai yarinya tasha da bakin titi har bayan magariba, inda kowa ya san irin abin da ke iya samunta.

Yanzu mu duba abin da addininmu ya ce. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a babban aji, ciyar da ɗa namiji yana wuyan uba har ya balaga, ta 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare a gidan mijinta. Ashe a asali uba ne zai ciyar da 'yar shekara tara, ba ita za ta ciyar da gida ba. Talauci uzuri ne, Allah kuma ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa, amma in sauƙi ya zo, kamar wannan tallafi, to wanda ya fi cancanta ya fara shaƙar iskarsa shi ne yaron da ke ɗauke da nauyin da ba nasa ba.

Sannan mu tuna ƙissar Nu'umanu ɗan Bashiru (R.A.) wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya je neman Manzon Allah (S.A.W.) ya zama shaida. Manzon Allah ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irin wannan, ya ce a'a. Sai ya ƙi yin shaidar, ya umurce shi da jin tsoron Allah da yin adalci tsakanin 'ya'yansa, mahaifin kuma ya janye kyautar. To jama'a, in kyautar dukiya ke nan, ina ga ilimi, wanda shi ne gadon da ba ya ƙarewa? Hukuma ce ta zaɓi suna ɗaya, gaskiya ne, amma raba aikin gida a hannun uba da uwa yake, kuma su za a tambaya.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina. Na farko, ranar da kuɗi ya shigo, maigida da uwargida su zauna su tambayi kansu: aikin da wance take yi, yanzu wa zai yi shi? In amsar ita ce ƙanwarta, a sake shawara. Na biyu, a nemi hanyar ciniki da ba ta cin lokacin karatu: a sayar a cikin gida, ko a ba mai shago da dillaliya sari, ko da ribar ta ɗan ragu. In fitar ta zama dole, a bar ta ga Alhamis da Juma'a da ba a Islamiyya, a riƙa yin karɓa-karɓa, kuma kowa ya dawo gida da rana tsaka. Na uku, mai son sayen dabba ya yi kiwon turke daidai ƙarfin hannun manya.

Ku kuma ɗalibai da Allah Ya sa sunanku ya fito, kada ku ɗauka kun fi 'yan'uwanku. In kin dawo daga makaranta, ki karɓi wanke-wanke da raino domin ƙanwarki ta samu zuwa Islamiyya, da dare kuma ki biya mata karatu.

Ga hukumomi da masu ba da tallafi, roƙonmu shi ne a riƙa ƙirga yaran gida duka, a tambayi inda kowannensu yake da safe da yamma. Dagatai da masu unguwanni da limamai na Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa sun san gida-gida, a sa su a ciki. Mu malamai ma akwai namu: duk yaron da ya yi fashin mako guda a bi sawunsa, kuma ina ba kwamitin makaranta shawara a rage kuɗin wata ga gidan da ke da yara uku ko fiye.

Ita yarinyar da na ba ku labarinta, alhamdu lillahi ta dawo aji. Mahaifiyarta ta koma sayar da awarar a zaure, cinikin ya ragu, amma sun yi haƙuri. Sai dai a rajistata kaɗai akwai sauran sunaye da har yau nake kira shiru, kuma iyayensu suna cikin masu karanta wannan takarda.

Allah Ya yalwata mana arziki na halal, Ya ba mu ikon yin adalci tsakanin 'ya'yanmu, Ya shirya mana zuriya baki ɗaya, amin.

Wassalamu alaikum.