Kiwon Lafiyar Iyali: Ɓarawon da ke ɓuya a cikin jini



Da zarar damina ta kankama a Funtuwa da Malumfashi, masara ta rufe gonaki, ruwa ya kwanta a kududdufai, sai zazzaɓin cizon sauro ya fara kwantar mana da yara. Yau so nake mu leƙa cikin jiki mu ga yadda ƙwayar cutar take aikinta.

Idan macen sauro ta ciji yaro, ƙwayar cutar da ta zuba masa hanta take fara nufa. Can take laɓewa kamar mako guda tana hayayyafa, yaro kuwa na ta wasansa. Daga nan sai dubbai su fito cikin jini.

Kowace ɗaya da ta fito, sinadarin kalsiyam da ke cikinta sai ya ƙaru. Wannan ce isharar da ke sa ta fito da wasu sinadarai masu kama da makullai, ta laluɓi ƙofa a jikin jar ƙwayar jini, ta kutsa ciki kafin minti ɗaya ya cika. A shekarar 2011 masu bincike a Ingila suka gano wata ƙofa, mai suna basijin, wadda sai ta nan take iya shiga.

A ciki take cin abincinta, ta ninku. Bayan kimanin awa 48 sai ƙwayar jinin ta fashe, sababbi su fito su faɗa wa wasu. Wannan fashewa ce ke kawo rawar ɗari da zafin jiki, ita ce kuma ke ƙarar da jinin yaro.

To uwargida, ga inda gizo ke saƙa: saukar zafin jiki ba warkewa ba ce. Wasu na nan laɓe. Idan an gwada jini an ba ki magani na kwana 3, ki ba shi har ya ƙare, kada ki ajiye saura don gaba. Haka maganin rigakafin damina da ake rabawa a Jihar Katsina tun 2013, ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5: kwana 3 ne a jere, kowane wata. Mai juna biyu kada ta yi wasa da awon ciki, kuma kowa ya kwana cikin gidan sauro.

Idan yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko tafin hannunsa ya yi fari, a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa.